FILIN MATA: Sayen Kayan Ɗaki, Na Da Da Na Yanzu

 Ga kaka ta yi, hatsi ya shiga rumbu, kuɗin riɗi da na shinkafa sun fara shigowa hannun mutane, kun kuwa san abin da ke bin bayan wannan, watau bukukuwa. Duk unguwar da kika shiga yanzu zancen ke nan, an sa ranar wance, an kai lefen wance, jibi za a yi jeren wance. Saboda haka na ga ya kamata a wannan mako mu yi magana a kan sayen kayan ɗaki, domin uwar da za ta aurar da 'ya, da uwargidan da ke so ta sabunta ɗakinta, da kuma ku 'yan makaranta, waɗanda ko yau ko gobe maganar za ta zo kanku.

Na lura mata sun rabu biyu a kan wannan al'amari. Waɗansu sun ce su kam sun yi ban kwana da kayan da, ba su son ganin ko faifai a ɗakinsu, sai kujerun kushin, da labule har ƙasa, da kafet daga bango zuwa bango. Waɗansu kuwa, yawanci iyayenmu da kakanninmu, suna ganin ɗakin da ba randa ba tabarma masaukin baƙi ne kawai. A gida ɗaya sai ki ga amarya da uwarta sun kwana biyu suna fushi da juna a kan irin gadon da za a saya. Ni a ganina kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, kuma ɗaki ɗaya yana iya ɗaukar na da da na yanzu, in an san abin da za a saya da inda za a ajiye shi.

ASALIN JERE

Bari mu fara waiwayawa baya kaɗan. A zamanin kakannin kakanninmu jeren amarya ƙorai ne, masaki da ƙoƙuna da ludayi, an kankare su fes, an yi musu zane, a ɗora wannan bisa wannan, a rataya waɗansu a ragaya. Masu hali su ƙara da akushi da tasoshin tagulla na Nufawa. Daga baya kantuna suka kawo kwanukan langa daga ƙasashen waje, samira da fanteka da kwalla, masu furanni ja da shuɗi, sai mata suka koma musu, har aka kafa masana'antar yinsu a Ikko a 1960. Bayan langa aka shiga yayin tangaran, bayansa kuma na kuloli da kabad mai gilashi. Gado ma haka ya bi, daga na ƙasa zuwa na kara, daga nan sai na ƙarfe mai rumfa, sa'an nan na katako. Katifar audugar rimi kuwa ta ba ta soso wuri bayan da kamfanoni irin su Vitafoam, wanda aka kafa a 1962, suka fara yinta a ƙasar nan. Kun ga ke nan, langar da mu ke kira kayan kaka yau, ranar da ta zo ita ce kayan zamani, kuma lalle an sami tsofaffin da suka yi mata tsaki. Haɗa tsoho da sabo tsohuwar sana'ar matan Hausa ce.

Amma akwai wani abu da iyayenmu suka sani game da jere wanda mu ke neman mantawa. Bisa al'adarmu iyayen amarya ke yin kayan ɗaki, kuma mallakarta ne ita kaɗai, ko aure ya yi daɗi ko bai yi ba. Langar nan da ke jere a bango asusu ce. Ranar da yaro ya kwanta ciwo maigida ba ya gari, sai a sauko da samira biyu a ba dillaliya, kafin la'asar kuɗi sun zo. Ranar da 'ya ta isa aure, a ɗebi rabi a kai mata ɗakinta. To, ki tambayi kanki, cikin kayan da a ke cika ɗaki da su yau, nawa ne za su iya wannan aiki? Kujerar kushin da aka saya bana, in kika fitar da ita baɗi, da wuya ki sami rabin kuɗinki. Don haka shawarata ta farko ita ce, kada duk dukiyar yarinya ta ƙare a kan abin da ke tsufa da sauri. A rage wani abu a saya mata tunkiya, ko keken ɗinki, ko 'yan kunnen zinariya, domin su ne za su tsaya mata a matsayin langar kakarta.

AWO KAFIN KASUWA

Yawancin asarar da a ke yi a sayen kayan ɗaki tun daga gida a ke yinta, saboda ba a auna ɗakin ba. Ku 'yan makaranta, ga inda lissafinku zai yi amfani. Mu ɗauki ɗaki mai ƙafa 12 a tsawo, ƙafa 12 a faɗi, watau murabba'in ƙafa 144 ke nan. Babban gado mai ƙafa 6 da 6 ya ci 36, rubu'in ɗakin ke nan shi kaɗai. Wadirob mai ƙafa 6 da 2 ya ci 12, teburin madubi mai ƙafa 4 da 2 ya ci 8. In kika ƙara doguwar kujera mai ƙafa 7 da 3, da ƙanana biyu masu ƙafa 3 da 3, sun ci 39. Jimla 95, saura 49 kacal, su ma a warwatse, lungu nan lungu can. A cikinsu ne ƙofar ɗaki za ta buɗe, da ƙofofin wadirob, a cikinsu ne za ki shimfiɗa abin salla, jariri kuma ya koyi rarrafe. Da an sayi gado mai ƙafa huɗu da rabi a faɗi, aka bar ƙananan kujerun nan biyu a kanti, da an sami ƙarin murabba'in ƙafa 27, wurin tabarma sosai.

Ki auna faɗin ƙofa kuma da tsayinta, da na zaure ko lungun da za a bi da kaya. Sau da yawa a kan kawo wadirob har ƙofar gida ranar jere, ya ƙi shiga, a kira kafinta ya ɓaɓɓalle shi a gaban dangin miji, daga ranar kuwa ba zai ƙara tsayawa daidai ba. In ba ki da tef ɗin awo, zare ya isa, ki ƙulla shi a inda awon ya tsaya, ki tafi da shi kasuwa.

Bayan awo sai takarda da fensir. Ki raba takardar gida uku. A gida na farko ki rubuta abin da ba a zama sai da shi, kamar katifa da gidan sauro da tukwane da abin ajiyar tufafi. A na biyu abin da ke sauƙaƙa zama, kamar kujera da fitila da fanka. A na uku abin ƙawa zalla. Kada ki taɓa gida na uku sai kin gama da na farko. Kuɗin da ke hannu kuwa ki ƙidaya su tun a gida, ki ware na dako da na mota, domin su ne a kan manta.

ABIN DA ZAMANI YA FI

Akwai wuraren da kayan zamani suka fi, ba gardama. Na farko katifa. A nan ne ya kamata a kashe kuɗi ba tare da ƙyashi ba, gama mutum yana kwana kanta kusan sulusin rayuwarsa. Ki ɗaga gefenta ki ji nauyi, domin cikin katifu biyu masu girma ɗaya, mai nauyin ta fi cikar soso, ta fi kuma daɗewa. Ki zauna a bakinta ki tashi, in gurbin zamanki ya daɗe bai cike ba, ki bar ta. Na biyu gidan sauro mai magani. Gadon ƙarfe mai rumfa na iyayenmu yana da sanduna huɗu da a ke ɗaura shi, gadajen yanzu kuwa yawancinsu ba su da su, sai ki ga an ajiye gidan sauron a ƙasan akwati wai yana ɓata ado. Ki sa kafinta ya yi wa gadonki siraran sanduna, ko a kafa ƙusoshi a bango. Zazzaɓin cizon sauro bai san ɗakin amarya ba. Na uku fitila mai caji da hasken rana, wadda ba ta hayaƙi ba ta kuma tad da gobara. Na huɗu kabad mai ƙofa, don ƙurar hunturu.

Sai maganar katako, inda a ke yi wa mata kyan ɗan maciji. Yawancin gadaje da wadirob masu sheƙi da a ke jerawa a bakin titi, da garin katako a ke yinsu, an cuɗa shi da gam an matse, kafintoci suna ce masa MDF. Yana da santsi, yana karɓar fenti da kyau, amma in ruwa ya taɓa shi sai ya kumbura ya ruɓe, kuma in aka kwance shi aka sake ɗaurawa sau biyu, noti ba ya ƙara kama shi. Ki leƙa bayan kayan, inda ba a shafa fenti ba. Katako na ainihi za ki ga layinsa na itace, wancan kuwa cikinsa kamar biskit ya ke. Ban ce kada a saye shi ba, tun da ya fi araha, sai dai ki san abin da kika saya, ki sa a yi masa ƙafafu don kada ruwan gugar ɗaki ya same shi. Wadda kuwa ke zaman gidan haya, ko mijinta ma'aikaci ne da a ke yi wa canjin gari, gara ta sayi ƙaramin gado na maɗaci ko na ƙawo, ko ma na ƙarfe. Ki tambaya ko katakon ya bushe, gama ɗanye yana tsagewa da hunturu. In kin ga 'yan ƙananan huji suna zubar da gari, ƙwaro na ciki.

ABIN DA NA GIDA YA FI

To, ga kuma wuraren da kayanmu na gida suka fi, kuma zafin ƙasarmu da ƙurarta su ne dalili. Kafet mai cika ɗaki an yi shi ne don ƙasashen sanyi. A nan yana riƙe ƙura da zafi, yana tayar wa masu asma ciwonsu, ba a kuma iya fitar da shi a kakkaɓe. Tabarmar kaba tana da sanyi, da safe a naɗe ta a share ƙarƙashi. In za ki saya, ki ɗaga ta wajen haske, in kina hango rana ta cikinta saƙar ba ta matsu ba. Ki duba bakinta kuma, domin daga nan ta ke fara warwarewa. Kina iya sa tela ya bi bakin da ƙyallen da ya dace da labulenki, sai ta daɗe, ta kuma zama ado. Ƙaramar darduma a gaban gado ta isa.

Tumtum na fata yana maye gurbin kujerun nan biyu da muka bari a kanti, kuma yaro ma yana iya ɗauke shi in wuri ya ƙure. Fatar jar akuyar Sakkwato da ta Maraɗi ta daɗe da suna, tun zamanin da ayari ke ƙetare hamada da ita, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko saboda ta can ta ke isa gare su. Ki saye shi ba ciko, ya fi araha ya fi sauƙin ɗauka, ki cika shi da audugar rimi ko tsummoki masu tsabta. Ki ja ɗinkin ki gani, ki goga farin ƙyalle mai laima a jikinsa don ki san ko rininsa yana zuba, kuma da damina kada ki bar shi a ƙasa mai danshi.

Yadin rini ma haka. A karofin Ƙofar Mata a Kano, wanda a ke cewa tun 1498 a ke rini a wurin, har yanzu ana turar farin yadi da baba. Shuɗin nan mai duhu yana kyau ƙwarai a rigar matashin kujera, ko a shimfiɗar tebur, ko a labule. Sai dai baba yana zuba, don haka a wanke shi shi kaɗai da ruwan sanyi, a shanya a inuwa, kada kuma a ɗora shi a kan farar kujera tun yana sabo. Luru ko gwado na saƙar hannu kuwa, in aka shimfiɗa shi a ƙafar gadon zamani, ya fi zanin gado mai walƙiya kwarjini, da sanyi kuma a rufa da shi.

Tasar tagulla ko faranti na Bida abu ne da a ke gada. Aikin hannun mutanen Bida ya sa a 2021 hukumar UNESCO ta sa garin cikin biranen da suka shahara da sana'o'in gargajiya. Ki tafi da ɗan maganaɗisu kasuwa. Tagulla ta ainihi ba ya kama ta, in ya kama, ƙarfe ne aka shafe. Ana goge ta da lemun tsami da toka. Kada a bar abinci mai tsami ya kwana a cikinta, domin koren tsatsar da ke fitowa yana cutarwa. A zuba dabino ko goro, ko a ɗora kwalaben turare.

Sa'an nan randa. Firij yana da amfani, amma sai da wuta, kun kuwa san halin wutar lantarki. Randa tana sanyaya ruwa ne saboda jikinta yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ruwa yana tsattsafowa ta nan, iska ta busar da shi, ta tafi da zafin. Da wannan hikima ce wani malami a Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don ajiye kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. In za ki sayi randa ki ƙwanƙwasa ta, mai lafiya tana amo, mai tsaga muryarta a dushe ta ke. A yi mata mazauni da yashi, da murfi, da moɗa mai dogon hannu wadda ba a sha da ita. Da tsohuwar zuma a ke magani.

YADDA A KE HAƊA SU

Ku ɗauko takardar naira 20 ku juya bayanta. Matar nan da ke ginin tukunya ita ce Ladi Kwali, Bagwariya, wadda ta koyi ginin tukwane da hannu tun tana yarinya. Wani Bature mai suna Michael Cardew ya ga tukwanenta a gidan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau, a garin da yanzu a ke kira Suleja, kuma a 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane da ya buɗe a can, ita ce mace ta farko a ciki. Ta koyi shafe tukunya da ruwan tangaran da gasa ta a wuta mai tsanani, amma ba ta bar siffar tulun Gwari ba, ba ta kuma bar zanenta na ƙadangare da kunama da kifi ba. Aka kai aikinta Ingila da Amurka, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Amma ku lura da wani abu. Tulun da aka shafe da ruwan tangaran ƙofofinsa sun toshe, ya yi kyau, ya yi nauyi, ba ya kuma sanyaya ruwa kamar na da. Watau kowace haɗawa tana da abin da a ke samu da abin da a ke rasawa, sai mace ta san wanne ta ke bukata, na ado ko na aiki.

Ga 'yan ƙa'idodi da za su taimake ki. Manyan kaya, watau gado da kujera da labule, a zaɓe su marasa hayaniya, launi ɗaya ko biyu, kamar ruwan ƙasa da fari. Ƙananan kaya su ne za su ɗauki launi mai ƙarfi, jan tumtum, da shuɗin rini, da ruwan tagulla. In kujera mai furanni ce, labule mai furanni, kafet mai furanni, to, ko me kika ƙara ba za a gan shi ba. Kowane bango a ba shi abu guda. Faya-faye masu launi uku ko biyar, manya da ƙanana, a kafa su kusa da juna a bangon da ke fuskantar ƙofa, a kai agogo da kalanda wani bangon. Kayan zaman ƙasa su zauna tare, tabarma da tumtum a gefe ɗaya wajen taga, doguwar kujera a ɗaya gefen, don tsohuwa mai son miƙe ƙafa da baƙuwa mai son kujera kowa ta sami wurinta. Labule kuwa faɗinsa ya ninka na taga sau biyu don ya yi tattara, kuma ya zama mai wankuwa a gida.

Langar kakarki, in har tana nan, kada ki bari a ba 'yan gwangwan. Ki zaɓi uku ko huɗu masu lafiya ki sa su a kabad mai gilashi kusa da tangaran. Wadda ta ɓantare har baƙin ƙarfe ya fito, a daina cin abinci a ciki, a zuba zare da allura. Zanen dagi kuma, irin wanda magina ke yi a bangon tsofaffin gidajen Zariya da Kano da Damagaram, ku 'yan makaranta da ke koyon ɗinki kuna iya kwaikwayonsa a rigar matashi da zare mai launi. Wadda ke Kano ta roƙi malamarsu ta kai su Gidan Makama su ga irin wannan gini da idonsu. Gani ya kori ji.

A KASUWA

Kowane kaya da kasuwarsa. A Kano, kayan fata da tagulla da faifai sai Kasuwar Kurmi, wadda ta ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Yadi sai Kantin Kwari, kayan girki da tangaran a Sabon Gari, robobi a Ƙofar Wambai. Tabarma da randa da ƙwarya kuwa sun fi araha a kasuwar ƙauye ranar da ta ke ci, a hannun waɗanda suka yi su, kuɗinki kuma ya shiga hannun 'yar'uwarki mace.

Ki je kasuwa sau biyu, zuwan farko don jin farashi a rumfa uku ko huɗu, na biyu don saye. Ki je da hantsi, ki fito da yadi waje ki dube shi da hasken rana, gama fitilun kanti suna canza launi. Ki tafi da babbar mace ɗaya wadda ta iya ciniki, domin ƙawaye biyar ra'ayi biyar ne, kuma kunyarsu za ta sa ki sayi abin da ya fi ƙarfinki. Kada ki gaya wa mai kaya cewa biki saura mako guda. In kin taya ya ce albarka, ki yi godiya ki matsa gaba, in da rabo zai kira ki. Amma fa kada ki matsa wa tsohuwar da ta kwana uku tana saƙa faifai ɗaya, alhali ba ki nemi ragi a kantin gilashi ba. Kuma ki tuna araha ba ta ado. Kafinta kuwa, kada kuɗin kafin alƙalami su wuce rabi, a rubuta irin katako da awo da ranar karɓa a gaban shaida, ranar kuma ta riga jere da mako biyu.

Abu ɗaya da ba na so ku manta shi ne wuta. Kaskon turaren wuta namu ne na gado, soso da labulen roba kuwa baƙi ne, kuma ba su jituwa. Soso in ya kama yana ci da sauri, hayaƙinsa baƙi ne mai shaƙe numfashi. A ajiye kasko a tsakiyar ɗaki bisa faranti, nesa da labule da katifa, kada a tura shi ƙarƙashin gado, kada kuma a fita a bar shi, balle da hunturu. Dogon kabad a ɗaure shi da bango don yara masu hawa, kada kuma wadirob ya toshe taga.

MAGANAR BASHI

Na bar mafi nauyi a ƙarshe. Kowa ya san gidajen da aka sayar da gona, ko aka ci bashin da ya shekara biyu ana biya, don kawai kada a ce ɗakin wance bai kai na wance ba. Akwai kuma 'yan mata da aurensu ya yi ta ja da baya saboda uba bai haɗa kayan ɗaki ba. Nauyin nan ya kai har gwamnatin Jihar Kano, wadda ta fara aurar da zawarawa da 'yan mata ta hannun Hisba tun 2012, ta kan haɗa da kayan ɗaki irin su gado da katifa, kamar yadda ta yi wa ma'aurata 1,800 a watan Oktoba na 2023. An ce bashi hanji ne yana cikin kowa, amma bashin da aka ci don tsoron bakin mutane, ranar biya ba ko ɗaya daga cikinsu da zai zo.

Mu mata mu ne masu shiga ganin ɗaki, mu ne masu ƙidaya kuloli da ido, mu ne kuma masu gori. Ke uwar miji, ke ƙanwar miji, yarinyar nan da aka kawo muku da gado ɗaya da tabarma, iyakar ƙarfin ubanta ke nan, kuma ta fi wadda ta zo da mota biyu ta kaya ta bar iyayenta ba su barci. Ke kuma amarya, ba a gama ɗaki rana ɗaya. Ki shiga da na dole, bana ki ƙara tumtum, baɗi in kin kwashi adashi ki ƙara kujera. Sannu ba ta hana zuwa. Abin da kika saya da guminki bayan kin zauna a ɗakin kin san inda rana ke shigowa da inda ruwa ke yoyo, shi ya fi dacewa da shi.

Ku 'yan makaranta, ga aikin gida. Kowace ta auna ɗakin uwarta, ta zana shi a takarda mai gida-gida, ta lissafa filin da kaya suka ci da wanda ya rage. Sa'an nan ta je wurin kakarta, ko wata tsohuwa a unguwa, ta tambaye ta abin da aka jera mata ranar aurenta, ta rubuta sunayen kayan duka, har waɗanda ba ta taɓa ji ba. Ku aiko mini da su, zan buga waɗanda suka fi cika a wannan fili.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan adana tufafi da barguna daga asu da danshi.